Kwaɗon da Na Sa wa Risalar Malam

Mu biyar ne a shaƙƙar, wato gidan hayarmu, hawa na huɗu, a wani lungu na unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira da ƙamshin gidan burodi ba ya barinsa. Ɗaki biyu da falo, banɗaki ɗaya, kwamfuta ɗaya. Babu wanda ya sayi kwamfutar a cikinmu. Gadonta muka yi daga ɗaliban da suka gama karatu suka koma gida, tare da tukunyar tuwo da wasu barguna masu warin ajiya. Tana kan teburi a kusurwar falo, fankarta na gurnani, haruffan Larabcin da aka manna wa madannanta duk sun fara ɓarewa. Kowa yana da waya a hannu, amma rubutu mai tsawo sai a kanta.

A gidan nan ba a kulle komai. Haka muka tarar, haka kuma muke gaya wa duk sabon zuwa. In an aiko maka da kilishi ko yaji daga gida, a tire za ka juye a tsakar falo. Takalmin da ya shige ka naka ne har ka dawo. Wani ɗan Zariya ya taɓa zuwa da akwati mai lambobi, muka sa shi gaba da tsiya, muna tambayarsa ko zinare ya ɗauko, har sai da ya daina rufewa don kunya. Kwamfutar ma haka take. Da ka kunna ta buɗe, aikin kowa a baje.

Amirin gidan, wato wanda muka ɗora wa shugabanci da raba girki, shi muke kira Malam. A waje dukkanmu malamai ne, amma a cikin gida in an ce Malam shi kaɗai ake nufi. Ya haura arba'in, furfura ta fara keto masa gemu. Mutumin wani ƙauye ne a wajen Gombe, ya baro mata da yara uku ya zo digiri na biyu. Shekara huɗu yana fama da risalarsa, kundin binciken da zai kare a gaban malamai kafin a ba shi shahada, wato takardar digiri. Wani tsohon rubutun hannu ne na fiƙihu, na wani malamin ƙasarmu, yake gyarawa, yana bin kowace magana har littafin da aka ciro ta. Da yatsa biyu yake bugawa. Ni da nake ɗaukar kaina gwanin na'ura, kallonsa kawai yana sa mini ciwon kai.

Kunyarsa irin ta mutanen da ce. Duk zaman da muka yi muna cin abinci a tire ɗaya, ban taɓa jin sunan matarsa a bakinsa ba. "Mutanen gida" yake cewa. Yaran ma "yaran nan" ne, in ban da autan da yake kira da wani sunan tsokana.

Ranar Juma'a gidanmu cika yake yi. 'Yan uwa na tahowa daga unguwar Ainu Shams cin tuwon semo da miyar mulukiya, wadda ita ce lalonmu a can. A wata Juma'a, wani baƙo ya zauna zai rubuta takardar neman sabunta iƙama, wato izinin zama a ƙasar. Ya tarar da manhajar rubutu a buɗe, babi na uku na Malam a ciki. Maimakon ya buɗe sabon shafi, sai bawan Allahn nan ya share abin da ya gani, ya rubuta nasa, ya adana a kai, ya rufe. Ya wanke hannu ya ci tuwo ya tafi. Aikin wata huɗu ya koma layi tara.

Da safe Malam ya gani. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

"Ma'alish, babu komai," ya ce. "Bai sani ba ne."

Ni kuwa raina ya gama ɓaci. Na yi ta dube-dube a cikin na'urar ko zan samo tsohon, ban samu komai ba, abin ya ƙara tunzura ni.

"Malam, wallahi yau sai an sa wa kayanka kwaɗo."

"Kwaɗo kuma? A gidan nan? Ni da nake amir in fara kulle abu, gobe da wane baki zan hana wani kulle sukari?"

"Sukari ana sayo wani. Wata huɗun nan a wane shago za ka samo su?"

Sai ya ɗauko tsofaffin littattafan da yake rubutu a ciki da biro, ya fara bugawa daga farko, da yatsun nan biyu. Na yi mako guda ina damunsa, safe da yamma, har a hanyar masallaci. Naci na iya shi. A ƙarshe ya gaji ya yarda, da sharaɗin ni zan gaya wa sauran cewa dabarata ce, ba tasa ba.

Na sauko da wata manhajar kullewa da na ga ana yabo. Na tura risalar gaba ɗaya cikinta, na kulle manhajar littattafan da yake ajiye bayanansa, har filas ɗin da ya fara kwafe aikin a ciki bayan abin ya faru ban bari ba. Akwai wani wuri da manhajar ke tambaya ko ana so ta rufe gaba ɗaya in an yi kuskure sau goma, yadda ba mai sake buɗewa. Na danna e ba tare da na tambaye shi ba, ina tuna fuskar baƙon nan na ranar Juma'a. Sannan na tashi na ba shi kujera.

"To me zan rubuta?"

"Kalmar sirri, Malam. Abin da babu wanda ya sani a gidan nan, wanda ba za ka taɓa furtawa a gaban kowa ba, kuma ba za ka manta ba har ka mutu."

Haka na faɗa masa, da bakina. Ya shafa gemu. Na juya baya. Na ji ya canza madannan zuwa Larabci, na ji ɗan ƙwas-ƙwas, ya maimaita. Ya cike wurin tunatarwa shi ma. Da ya gama sai ya ce:

"In rubuta maka a takarda ka ajiye, ko don wata rana?"

"A'a Malam. Ko ni bai kamata in sani ba. Abin da ya sa ake ce mata ta sirri ke nan."

Ina jin daɗin kaina lokacin da nake wannan magana. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari wancan yaron.

Da na yi wa sauran bayani, abin ya taɓa su. Ba a yi wata biyu ba na ga ƙaramin kwaɗo a jikin jakar ɗan Sakkwaton da muke ɗaki ɗaya. 'Yan Ainu Shams suka rage zuwa. Malam ya lura, ya kuma san daga ina abin ya taso, amma bai taɓa yi mini gori ba.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka, cikin sanyin Alƙahira mai shiga ƙashi, muna karyawa da ful, dafaffen waken can, da burodi, ya ce mana ya gama. Saura ya sake karantawa sau ɗaya a buga a kai wa mushrif, malamin da ke duba aikinsa. Muka yi ta murna, muna cewa ranar munaƙasha, ranar da zai kare risalar, sai mun cika zauren da babbar riga har Misirawa su tsorata. Ya yi dariya yana rufe baki da hannu. Kwana huɗu bayan nan ya yanke jiki ya faɗi a inda ake jiran mota, a hanyarsa ta dawowa daga kulliya, wato tsangayarsu a jami'a. Ashe hawan jini ya daɗe yana cinsa, bai gaya wa kowa ba. Ya kwana biyu a asibiti bai farfaɗo ba, rai ya yi halinsa.

A can Alƙahira muka binne shi. Kabarin Misirawa ɗaki ne a ƙarƙashin ƙasa, ana sauka da matakala, a kwantar da mutum a kan yashi, a fito a rufe bakin da duwatsu. Ina cikin waɗanda suka sauka da shi. Na fito ina jin kamar ba mu binne shi ba, ajiye shi kawai muka yi a gidan mutane muka taho.

A rana ta uku mushrif ɗinsa ya zo ta'aziyya. Tsoho ne mai sanda, ya hau benen nan huɗu yana hutawa a kowane hawa. Ya zauna a tabarmarmu, ya ƙi kujera. Da zai tafi ya ce ba zai yi mana alkawarin shahada ba, wannan ba a hannunsa take ba. Amma in muka kawo masa risalar cikakkiya, zai karanta, ya sa a ɗinke ta da sunan Malam a bango, a ajiye a ɗakin karatun kulliya, a kuma aika wa 'ya'yansa kwafi. Abin da ke hannunsa babi biyu ne kawai, tsofaffi, duk jan biro. Ya ce mu hanzarta, don ƙarshen wata zai ajiye aiki ya koma garinsu.

Da na dawo daga raka shi, sai na tarar da mutum uku a kan kwamfuta. Sun riga sun gwada sau huɗu: sunan ƙauyen Malam, sunan littafin, lambar wayarsa, da wata addu'a da yake yawan yi. Na daka musu tsawa har bawwab, mai gadin gidan, ya leƙo daga ƙasa. Ba su san da maganar sau goma ba. Ta ina za su sani, ni kaɗai na san na danna abin? Da na gaya musu, ɗan Sakkwaton ya dube ni kawai ya shige ɗaki. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na zauna na danna wurin tunatarwa. Kalma biyu ya rubuta: "na fari".

Nan take na gane. Sunan ɗan fari ya sa. Na ce masa abin da ba zai taɓa furtawa ba, shi kuma ya ɗauki maganata yadda na faɗe ta. Ni ma mahaifiyata har ta tsufa ba ta taɓa kiran sunan babban yayanmu ba, ko a bayan idonsa. Amma na ji sanyi a raina, don a ganina abin ya zo da sauƙi. Akwai ƙanin Malam, wanda muke waya da shi tun ranar rasuwar. Na kira shi, ya ba ni sunan babbar 'yar Malam, wadda take aji uku a sakandare. Na rubuta. Kwamfutar ta ƙi. Na sake a hankali, harafi bayan harafi, ta ƙi. Na gwada sunan da ake kiranta da shi a gida, na gwada na mai bi mata don shi ne namiji na farko. Kafin in farga saura biyu.

Washegari na ciccibi kwamfutar na kai kasuwar Ataba, wurin wani mai gyara da ɗalibai ke yabo. Ya jona, ya duba, ya cire abin ajiyar ya sa a wata na'ura, ya sake dubawa yana kurɓar shayi.

"Wa ya yi wannan kullin?"

"Ni ne."

"Tamam, ya basha. Ka iya aiki. Ni abin da zan iya shi ne in goge komai in ba ka ita fes. Abin da ke ciki kuwa, in babu kalmar, khalas, shi ke nan."

Na ɗauko kayata na dawo a motar haya, kwamfutar a kan cinyata, mutane na turo mini kuɗin mota in miƙa gaba ina miƙawa ban san ma me nake yi ba.

Na sake kiran ƙanin. Na ce ya yi tunani, ko akwai wani kafin yarinyar. Ya ce ai kuwa ya taɓa jin ƙishin-ƙishin. Farkon aurensu Malam yana koyarwa a wata Islamiyya a Fatakwal, can suka yi haihuwar farko, namiji. An yi suna da kwana biyu yaron ya koma. Labarin haihuwar da na rasuwar tare suka iso gida, shi kuma lokacin yana ƙarami. Iyayensu sun rasu. Bai san sunan ba, bai kuma san wanda ya sani ba.

"Sai dai ita," ya ce.

Ita, wato matar Malam, tana cikin takaba, ko kwana goma ba a yi ba.

Na kwana biyu ina juya abin. In kira macen da mijinta ya mutu a ƙasar da ba ta taɓa gani ba, ba ta ga gawarsa ba, ba za ta ga kabarinsa ba, in ce ta faɗa mini sunan ɗanta na fari, wanda ko yana raye ba za ta faɗa ba, balle ya mutu. Ni da ba muharraminta ba, ba ta ma san fuskata ba. Na so in bar maganar. Na ce wa kaina ai mushrif yana da babi biyu, a ɗinke su haka. Amma duk fitar da zan yi daga ɗaki sai na wuce teburin nan, ga kwanakin wata suna ta tafiya. Shekara biyar da rabi na mutum suna cikin akwatin ƙarfen nan, kuma ni na rufe su.

Ranar Laraba bayan la'asar na ce sauran su ba ni falon. Na kunna kwamfuta, na buɗe wurin kalmar, na kira ƙanin na ce ya kai mata wayar.

Muka gaisa. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa da murya ƙasa-ƙasa, ta yi mana godiyar wanka da sutura. Ta tambaye ni ko ya sha wahala, na ce a'a, barci kawai ya yi. Sai na fara kame-kame. Na ba ta labarin risala, da tsohon da ya hau bene, da kwafin da za a aika wa yara. Na gaya mata akwai makulli a kan aikin, kuma ni na sa shi ya sa, don kada ta ɗauka shi ne ya ɓoye wa mutane abu.

"Malama, ki yafe mini abin da zan tambaya. Wallahi da akwai wata hanya da ban kira ba. Makullin suna ne. Ya rubuta cewa na fari. Mun gwada na babbar, bai yi ba."

Ina jin kukan akuya daga nesa, da wata yarinya tana wanke-wanke.

"In ya yi miki nauyi ki rubuta a takarda, a ɗauko hoto a turo mini. Ko kuma a bar shi. Wallahi babu komai."

"Ɗan dakata," ta ce.

Na ji tana gaya wa ƙanin mijinta ya ɗan ba ta wuri. Na ji takunsa, na ji an saki labule. Ta ja numfashi sau biyu. Sannan ta faɗi sunan, sau ɗaya, a hankali, kamar mai tsoron kada ta tashi wani daga barci. Suna ne gama-gari, akwai masu shi uku a ajinmu.

Na rubuta. Na duba madannan sau uku kafin in danna.

Kwamfutar ta buɗe. Ga babi biyar a jere, ga gabatarwa, ga kammalawa, ga jerin littattafai har ƙarshe. Komai yana nan.

"Ya buɗe, Malama. Alhamdu lillahi, ya buɗe. Aikin duk yana nan."

Ba ta ce alhamdu lillahi ba. Na duba wayar ko ta katse.

"Wannan makullin," ta ce, "sau ɗaya ake sa shi?"

"A'a. Duk lokacin da zai yi aiki sai ya rubuta."

"Kullum?"

"Kullum. Wata rana sau uku, sau huɗu."

"Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi ke nan."

Na ji numfashinta ya canza. Kuka take yi, amma ba irin na ɗaga murya ba. Na zauna da waya a kunne, aikin Malam a buɗe a gabana, ina jin kunyar murnar da na yi.

"Shekara goma sha bakwai," ta ce. "Tun ranar da ya dawo daga maƙabarta bai sake ɗaga maganar yaron nan ba. Ko sau ɗaya. Ni ma ban ɗaga ba, ina jin nauyinsa. Ni kaɗai nake lissafa masa shekaru a raina." Ta tsaya. "Na ɗauka ya manta da shi. Har na riƙe shi da wannan a zuciyata, Allah Ya yafe mini."

"Bai manta ba, Malama."

"To ai yanzu na sani," ta ce. "Yanzu da ba shi."

Ta kira ƙanin mijinta ya zo ya karɓi wayarsa.